SAMMORE DA KUMBURI: ABIN DA AKA GANO A JIKIN ƁERA

Yanzu da ruwa ya sauka, shanun da suka yi rani a kudu, wajen bakin Binuwai da Kwara, sun fara komowa gida. Kowace shekara kuwa ba a rasa waɗanda kan dawo da sammore a cikinsu. Makiyayi ba ya bukatar a gaya masa alamarta. Saniya tana kiwo tare da 'yan'uwanta, ga ɗanyar ciyawa ko'ina, amma kullum sai ƙara ramewa take yi. Gashinta ya tashi, idonta yana hawaye, kaluluwar gaban kafaɗa ta kumbura, in an buɗe fatar ido a ga cikinta ya yi fari fat, in garke ya tashi kuma ita ce a baya.

Abin da kowa ke faɗi shi ne ƙudan tsando ya zuba mata cuta, cutar kuwa tana shanye jininta da namanta. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne. Rabi na biyu akwai gyara. In malamin dabbobi ya ɗibi ɗigon jinin saniyar da ta daɗe da sammore ya duba a madubin likita, sau da yawa sai ya yi ta nema kafin ya ga ƙwayar cutar ko guda ɗaya, wani lokaci ma ba ya gani sam. To, ƙaƙa abin da bai taka kara ya karya ba zai cinye saniya sukutum? Amsar ita ce ba ƙwayar cutar kaɗai ke wannan ɓarna ba. Jikin saniyar ma da hannunsa a ciki. Yawancin abin da aka sani game da wannan al'amari kuwa a jikin ɓera aka gano shi.

Mai karatu zai ce ina ruwan ɓera da saniya. Dalilin shi ne saniya sai ta yi wata tara da 'yan kwanaki kafin ta haifi maraƙi ɗaya, ɓera kuwa cikin kwana 20 ta haihu, 'ya'ya shida ko takwas, su kuma kafin wata biyu sun isa haihuwa. Har wa yau masana suna da irin ɓerayen da aka yi ta haɗa wa da ƙanwa, zuriya bayan zuriya, har duk 'yan gida ɗaya suka zama kamar tagwaye, ta yadda in an gwada abu ga wannan an bar wancan, bambancin da aka gani daga gwajin ne. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 kuma aka sami dabarar cire wa ɓera ƙwayar gado guda ɗaya tak, a ga abin da zai same shi in babu ita. Ba a iya yin wannan da garken shanu.

MENE NE KUMBURI

Kafin a kai ga ɓeraye sai a duba abin da kowa ya saba gani. Ƙaya ta soki akuya a ƙafa. Kafin gari ya waye wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya tashi, yana ciwo, akuya tana ɗingishi. Wani Barume mai suna Celsus ya rubuta alamu huɗun farko kusan shekara 2,000 da suka wuce, daga baya aka ƙara ta biyar, watau gaɓar ta kasa aikinta. Mutane da yawa suna zaton waɗannan alamu su ne cutar. Alhali kuwa aikin jiki ne.

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, akwai kuma farare masu tsaron jiki. Fararen nan iri iri ne. Akwai wata babba wadda ba ta zama cikin jini, sai ta tare a fata, da hanta, da saifa, da huhu, da hantsa, tana gadi. Masana suna kiranta makurofaj, ma'anar sunan kuwa babbar mai ci, domin duk baƙon abin da ta samu haɗiye shi take yi. A nan za a riƙa kiranta mai gadi. Wanda ya fara gane aikinta shi ne Elie Metchnikoff, a garin Messina na ƙasar Italiya cikin 1882. Ya sami 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro, waɗanda jikinsu garai yake kamar ruwa, ya soka musu ƙaya. Da safe ya duba a madubi, sai ya ga waɗansu ƙwayoyi sun taru sun kewaye ƙayar. Ya ce to, abin da ke faruwa ke nan a yatsan mutum.

In ƙaya ta shiga da ƙwayoyin cuta, mai gadi ba ta tsayawa ga haɗiya kawai, sai ta yi kururuwa. Kururuwar tata ba murya ba ce, waɗansu sinadarai ne take zubarwa, su ne saƙonta ga sauran jiki. Saƙon nan shi ke sa hanyoyin jini na wurin su buɗe, jini ya ƙaru, wurin ya yi ja ya yi zafi. Shi ke sa bangon hanyoyin ya saki, ruwa ya tsattsafo, wurin ya tashi. Shi ke taɓa jijiya a ji ciwo, dabba ta daina taka ƙafar. Cikin 'yan sa'o'i kuma sai ga wata runduna ta fararen ƙwayoyi, nutrofil, ta fito daga ɓargo ta bi jini ta cika wurin. Su waɗannan ba su da tsawon rai, ba su kuma da hankali, guba suke fesawa, ta kashe ƙwayar cuta ta kuma ƙone naman da ke kusa. Mugunyar da kan fito daga ƙurji yawancinta gawarwakinsu ne. In saƙon ya yi yawa har ya kai ƙwaƙwalwa, sai zazzaɓi ya tashi, dabba ta ƙi ci, ta nemi inuwa ta kwanta.

Manomin da ya taɓa sa wuta a sassabe ya san irin wannan aiki. Wutar tana da amfani, amma sai an share mata iyaka, an kuma tsaya a kanta har ta mutu.

LABARIN ZOMO MAI FARIN JINI

Cikin shekarun 1970 wani masani na Jami'ar Rockefeller da ke birnin Niyu Yok, Anthony Cerami, ya je ƙasar Kenya domin neman maganin sammore. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wannan tambaya da aka fara da ita: shanu sun rame sun zama ƙashi da fata, ƙwayoyin cutar da ke jikinsu kuwa ba su kai su ci wannan nama ba. Da ya koma gida aka sa wa zomaye cutar. Zomayen suka rame kamar shanun, amma da aka ɗibi jininsu sai aka ga ruwansa ya yi fari saboda yawan kitse. Watau kitsen yana nan yana yawo cikin jini, jiki ne ya rufe ƙofar da yakan shigar da shi ya adana. An buga wannan cikin 1980.

Daga nan aikin ya koma kan ɓeraye. Akwai wani dafi da ke jikin ɓawon waɗansu ƙwayoyin cuta, irin waɗanda ke cikin kashin dabbobi, masu kawo zawon maruƙa da mugun ciwon hantsa. In an yi wa ɓera allurarsa da yawa, ko da babu ƙwayar cuta mai rai ko ɗaya a ciki, sai jikinsa ya yi sanyi, ya yi zawo, ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma tun cikin shekarun 1960 aka lura da wani gidan ɓeraye a Amurka, mai lamba C3H/HeJ, waɗanda dafin nan ba ya yi musu kome. Cerami da abokin aikinsa Masanobu Kawakami suka yi wa ɓera na sosai allurar dafin, suka ɗibi ruwan jininsa suka zuba wa wanda dafi ba ya kamawa. Nan da nan shi ma ƙofar kitsensa ta rufe. Ashe ba dafin ne ke rufe ta ba, wani abu ne da jikin ɓeran farko ya ƙera da ya ji dafin. Da aka bi sawu sai aka tarar masu gadi ne ke ƙera shi.

Cikin 1985 wani saurayin likita da ke aiki tare da Cerami, Bruce Beutler, ya tace wannan abu shi kaɗai. Sai ga shi ba baƙo ba ne. Shekara goma kafin nan, cikin 1975, waɗansu masu binciken ciwon daji a wannan birni sun same shi a jinin ɓeraye, suka sa masa suna TNF domin yana ruɓar da tsiron daji. Shi ne babba cikin saƙonnin kururuwar mai gadi. A wannan shekara ta 1985 suka yi gwajin da ya warware zance. Suka samo makarin TNF daga jinin zomo, suka fara yi wa ɓeraye allurarsa, sa'an nan suka ba su dafin da ya isa ya kashe su. Da yawa suka rayu. Dafi yana nan a jikinsu, kururuwar kawai aka toshe.

Saura ɓerayen nan da dafi ba ya kamawa. Beutler ya yi shekara biyar yana neman abin da ya bambanta su, har cikin 1998 a birnin Dallas shi da mutanensa suka same shi. A jikin mai gadi akwai wani abu kamar kunne, TLR4, wanda da shi take jin dafin. Na waɗannan ɓeraye ya lalace tun daga gado, saboda haka masu gadinsu kurame ne. An ba Beutler kyautar Nobel cikin 2011 a kan wannan. Amma kada a yi zaton kurumtar alheri ce gare su. In aka sa musu ƙwayar cutar mai rai, irin ta Salmonella, su ne kan riga sauran mutuwa, domin cutar tana yaɗuwa babu wanda ya yi kuwwa. Dafi maras rai ba ya kashe su, 'yar cuta kaɗan mai rai kuwa ta gama da su.

MASU KASHE WUTAR

Da can ana zaton kumburi yana lafawa ne don kansa, kamar wutar da itacenta ya ƙare. Ɓeraye sun nuna ba haka ba ne. Akwai waɗanda aikinsu ke nan su kashe ta, in kuwa babu su ba ta mutuwa.

Cikin 1989 aka gano wani saƙo, IL-10, wanda ya saɓa wa TNF. In ya isa ga mai gadi sai ta rage kururuwa. Abin mamaki kuma ita mai gadin da kanta tana cikin masu ƙera shi, 'yan sa'o'i bayan ta saki TNF, kamar wanda ya kunna wuta ya kuma ɗebo ruwa ya ajiye kusa. Cikin 1993 a birnin Kolon na Jamus, Ralf Kühn da Klaus Rajewsky da Werner Müller suka cire wa ɓeraye ƙwayar gadon IL-10. An haife su lafiya lau. Bayan 'yan makonni sai suka daina girma, jininsu ya ragu, hanjinsu ya kumbura, ba kuwa wata cuta aka sa musu ba. Waɗanda aka ajiye a ɗaki mai tsabta ƙwarai ciwonsu bai yi tsanani ba. Cikin 1998 waɗansu a Amurka suka rene su inda babu ƙwayar cuta ko ɗaya, har cikin hanjinsu, sai ciwon bai zo ba ko kaɗan. Ma'anar wannan ita ce ƙananan halittun nan da ke zaune cikin hanjin kowace dabba lafiyayya, kullum suna taɓa kunnen masu gadi, kullum kuma IL-10 yana cewa a bari, na gida ne. Mai kiwon shanu ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani, gama tumbin saniya cike yake da irin waɗannan halittu, su ne ma ke narkar mata da ciyawa.

Labari na biyu ya fi wannan daɗewa. Cikin 1949 a Oak Ridge ta jihar Tennessee aka haifi waɗansu ɓeraye masu ɓamɓaroki a fata da kunne da wutsiya, saifarsu da kaluluwarsu sun kumbura, suna mutuwa kafin su cika wata ɗaya. Maza kaɗai abin ke kamawa, uwa ce kuwa ke ɗauke da shi. Aka yi ta kiwon gidan nan shekara da shekaru ba a san dalili ba. Can a Japan kuma, cikin 1969, aka lura da wani abu dabam. Akwai wata 'yar tsoka a ƙirji, sama da zuciya, timus, inda wani irin fararen ƙwayoyi da ake kira T ke koyon aikinsu. In an cire wa 'yar ɓera wannan tsoka ran da ta kwana uku a duniya, sai daga baya jikinta ya far wa mahaifar ƙwanta ya lalata ta. In an bari sai ta kwana bakwai ba abin da ke faruwa. Watau tsakanin kwana uku da bakwai wani abu yana fitowa daga timus wanda ke hana jiki cin kansa.

Shimon Sakaguchi ya bi wannan sawu shekaru da yawa a lokacin da yawancin masana suka yi watsi da zancen. Cikin 1995 ya nuna su. 'Yan kaɗan ne cikin ƙwayoyin T, wajen ɗaya cikin goma na irinsu. In an tsame su aka zuba wa ɓera sauran, sai gaɓoɓinsa su yi ta kumbura, ciki da maƙogwaro da sauransu. In an mayar da su sai lafiya. Aikinsu tsawatawa ne, IL-10 kuwa yana cikin abin da suke tsawatawa da shi. Cikin 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon da ta lalace a ɓerayen Oak Ridge, suka sa mata suna Foxp3, suka kuma nuna akwai jarirai maza na 'yan Adam masu irin wannan ciwo saboda wannan dalili. Bayan shekara biyu Sakaguchi ya haɗa zaren biyu: Foxp3 ita ke mai da ƙwayar T ta zama mai tsawatawa. Ɓerayen nan ba wata cuta ce ke kashe su ba, rashin mai cewa a bari ne. Su uku aka ba kyautar Nobel cikin 2025.

Akwai kuma sharar fage. Nutrofil in ta gama aikinta takan mutu a hankali ba tare da ta fashe ba, mai gadi ta zo ta haɗiye gawar. Wannan haɗiya ita ke juya halin mai gadin, ta bar kururuwa ta koma kiran masu ɗinke rauni. Shi ya sa ƙurjin da aka fitar wa mugunya yakan warke da sauri, wanda ƙaya ko tsinke ya saura a ciki kuwa ba ya rufewa, domin kullum sabuwar runduna tana zuwa.

A KOMA GA SAMMORE

A Jami'ar Saskatchewan ta ƙasar Kanada, Henry Tabel da almajiransa sun yi shekaru suna sa wa ɓeraye irin ƙwayar sammore da ta fi addabar shanu, wadda ake kira kongolense. Cikin almajiran akwai wani likitan dabbobi ɗan Nijeriya, Jude Uzonna. Gida biyu suka yi aiki da su, farare masu lamba BALB/c da baƙaƙe masu lamba C57BL/6. Cuta ɗaya, yawa ɗaya. Fararen sukan mutu cikin kwana takwas zuwa goma. Baƙaƙen sukan danne tashin farko na cutar su rayu fiye da kwana 100.

Da an tambayi kowa zai ce ai jikin fararen ne bai yi faɗa ba. Da aka auna sai aka ga akasin haka. Akwai wani saƙo, IFN-gamma, wanda ƙwayoyin T ke aika wa masu gadi domin su ƙara ƙaimi, shi kuwa ya yi yawa ƙwarai a jinin fararen. Cikin 1998 Uzonna da Tabel suka ba fararen makarin wannan saƙo, sai ga su sun rayu sun daɗe fiye da yadda suka saba. Bayan 'yan shekaru aka juya gwajin. Aka ɗauki baƙaƙen, masu jurewa, aka toshe musu kunnen jin IL-10. Sai suka mutu cikin 'yan kwanaki kamar fararen, hantarsu ta lalace, masu gadin da ke cikinta sun kumbura. Amma kuma baƙaƙen da aka cire wa IFN-gamma ɗungum ba su iya danne cutar ba, su ma suka mutu da wuri. Saboda haka ɓeran da ya rayu shi ne wanda ya hura wutar da ƙarfi a kwanakin farko, sa'an nan ya sassauta ta a kan kari.

Zancen ƙarancin jini ma haka yake. Masana na birnin Brussels ta ƙasar Beljiyam sun nuna a jikin ɓeraye cewa masu gadin hanta da saifa, in an daɗe ana zuga su, sai su shiga haɗiye jajayen ƙwayoyin jinin dabbar kanta, su kuma riƙe sinadarin ƙarfen da ɓargo ke bukata ya ƙera sababbi. Ga farin fatar ido, ga kumburin saifar da mahauta kan gani in sun feɗe saniya mai sammore.

Makiyaya sun daɗe da sanin cewa shanu ba ɗaya ba ne a gaban tsando. Bunaji da Bokolo da Rahaji ba su jurewa. Muturu, 'yan gajerun shanun nan na kurmi, da N'Dama na wajen Gini da Gambiya, suna zaune cikin tsando suna haihuwa. Ba wai cutar ba ta kama su ba ne. Tana kama su, amma suna danne yawanta, jininsu kuma ba ya zubewa kamar na sauran. Wannan ya yi kama da labarin baƙin ɓera da fari, shi ya sa ma'aikatar binciken dabbobi ta Nairobi ta yi amfani da ɓerayen nan wajen neman ƙwayoyin gadon jurewa.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Ɓera ba saniya ba ne, fararen ƙwayoyin jininsu ma ba daidai suke ba, kuma ba duk abin da aka gani a wannan ake samu a waccan ba. Misali ya isa. Makarin TNF da ya ceci ɓeraye cikin 1985, da aka gwada shi cikin shekarun 1990 ga mutanen da cuta ta shiga jininsu, bai cece su yadda aka sa rai ba. Ɓeran an ba shi makari tun kafin dafi, majinyaci kuwa sai wuta ta ci rabin gida ake kawo shi asibiti. Inda maganin ya yi amfani shi ne wani irin ciwon gaɓoɓi mai daɗewa, wanda likitocin London suka gwada a kansa, ana kuwa amfani da shi har yanzu. Har yau babu wata allurar IL-10 ko makarin TNF da ake yi wa shanu domin sammore. Wanda ya zo ruga da kwalba ya ce ita ce, kuɗi yake nema.

ABIN DA YA SHAFI MAI DABBA

Akwai wata allura da ta cika kasuwannin shanu, Dexamethasone, wadda waɗansu ke yi wa kowace dabbar da ta yi laushi. Aikinta shi ne ta rufe bakin masu gadi gaba ɗaya. Saniya mai zazzaɓi in an yi mata, kashegari sai ta tashi ta kama ci, mai ita ya yi murna. Amma wanda ya bi labarin kuramen ɓerayen nan ya san abin da aka yi. Ƙwayar cutar tana nan, an dai hana kuwwa ne, sammoren da jiki ya danne ma takan sake tasowa. Banda wannan, in saniya tana da tsohon ciki allurar tana sa ta zubar da shi ko ta haihu ba lokaci ba, mabiyiya kuma ta maƙale. Magani ne na gaske a hannun likita, yana da ranarsa, amma ba na kowace rana ba ne. Dillalin da ke yin ta domin dabba ta yi kyan gani ran kasuwa cutar mai saye yake yi.

Maganin sammore shi ne wanda ke kashe ƙwayar, irin su Berenil da Samorin, gama in an kawar da abin da ke taɓa kunnen mai gadi ita da kanta za ta yi shiru. Cikin 2012 ma mutanen Uzonna, a lokacin yana Jami'ar Manitoba, suka nuna a ɓeraye cewa Berenil banda kashe ƙwayar yana rage TNF da 'yan'uwansa a jini. Amma a auna shi daidai da nauyin dabba. Raba ƙunshin saniya ɗaya ga shanu uku shi ke koya wa cutar jure magani. Kada kuma a yi wa raƙumi Berenil, yana kashe shi.

Akwai inda wutar ce kanta abin tsoro. Saniya sabuwar haihuwa, hantsarta ta kumbura ɓangare ɗaya ta yi tauri, nonon ya koma ruwa ruwa kamar tsari, ta kwanta, kunnuwanta sun yi sanyi, tana zawo. Wannan shi ne abin da ke samun ɓeran da aka yi wa allurar dafi, yana kuwa iya kashe ta kafin kwana biyu. A yi ta tatse wannan ɓangare ana zubarwa nesa da maraƙi, domin kowace tatsa tana rage dafin, a ba ta ruwa iyakar abin da za ta sha, a nemo malamin dabbobi a ranar, ba gobe ba. A nan ne maganin rage kumburi ke ceton rai, shi ne kuma zai zaɓi wanda ya dace.

Ƙurji na sosai kuwa a bar shi ya nuna, a tsaga shi ta ƙasa yadda mugunya za ta zuba, a duba ko da ƙaya a ciki, a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a kare shi daga ƙuda. Lalas da waɗansu kan yi a kan kaluluwar da ta kumbura ba ya taɓa cutar. Kaluluwa zangon fararen ƙwayoyi ce, kumburinta alama ce suna aiki, ƙuna kuwa sabon rauni ne da za su rabu biyu a kansa.

Daga ƙarshe, saniyar da aka yi wa maganin sammore ba ta warke ba ran da zazzaɓi ya sauka. Ƙwayar takan ɓace daga jini cikin kwana ɗaya ko biyu, amma ɓargo sai ya yi makonni kafin ya mayar da jinin da aka rasa, ba kuwa zai iya ba sai da abinci. Ko N'Dama da Muturu in yunwa ta kama su ko aiki ya yi musu yawa jurewarsu takan karye. A ba ta harawa da dusa da angurya ko ƙuli-ƙuli, da gishiri. In san huɗa ne, ga shi kuwa yanzu ne lokacin da aka fi bukatarsa, a daure a cire shi daga garma. A riƙa buɗe fatar idonsa kowane mako ana gwadawa da ta lafiyayyen ɗan'uwansa, sai ran da ja ya komo daidai sa'an nan a mayar masa da karkiya.